Kasuwar da ta sauko daga dutse: zare kan Sukur

1/ Jama'a, wane wuri ne UNESCO ta fara sakawa cikin wuraren tarihi na duniya daga Najeriya? Da yawanmu za mu ce ganuwar Kano ko Benin. Amsar ita ce Sukur, wani gari a kan duwatsun Mandara, ƙaramar hukumar Madagali, jihar Adamawa, a 1999. Na je kasuwarsu a hutun da ya wuce. Ku biyo ni, zaren da ɗan tsawo.

2/ Mu fara da inda wurin yake. Duwatsun Mandara sun miƙe ne a kan iyakar Najeriya da Kamaru, Gwoza da Madagali da Michika ta ɓangarenmu, Mora da Mokolo ta can. Ƙananan ƙabilu ne birjik a kai, kowace da harshenta. Mutanen Sukur suna kiran kansu da harshensu Sakun, sarkinsu kuma Hidi.

3/ Garin na asali yana kan tudu mai tsayin sama da mita 1,000. Hanyar hawa shimfiɗe take da faffaɗan duwatsu, aikin hannun kakanninsu. Gonakin kuwa hawa-hawa ne kamar matakala, kowane hawa an tokare shi da jerin duwatsu don kada ruwan sama ya kwashe ƙasar. Fadar Hidi ma da dutse aka gina ta.

4/ Wani ɗan ajinmu ɗan yankin ne ya kai ni. Ya ce mu fara da kasuwa tukuna, don wanda bai ga kasuwa ba bai ga gari ba. Kasuwar a gindin dutse take ci, sau ɗaya a mako. Tun da sassafe za ka hango layin mata suna gangarowa da kaya a ka, wasu da goyo, a hanyar da ni ko da hannu sake sai da na yi ta haki.

5/ Me ake kasawa? Dawa, wake, riɗi, aya, gyaɗa, kuɓewa busasshiya, awaki, kaji, tukwanen ƙasa, kwanduna. Daga ƙasa kuma ’yan kasuwa sun zo da gishiri, kanwa, busasshen kifi, atamfa, takalman roba da katin waya. Can gefe akwai rumfar masu giyar dawa, kowa ya san wurinta, babu mai shiga harkar wani.

6/ Harsuna kuwa sai wanda ya ji. Mace za ta gaisa da maƙwabciyarta da Sakun, ta juya ta yi wa wani Margi, ta yi ciniki da Bafulatani da Fulatanci, ni kuma ta ce min da Hausa: "Samari, ayar nan ta dutse ce, ɗanɗana ka ji." Na ce, "To Mama, a auna min mudu ɗaya." Mu da muke taƙama da Hausa da Turanci sai muka koma ’yan koyo.

7/ Amma inda na fi daɗewa shi ne layin maƙera. Fartanya, lauje, gatari, wuƙa, duk a shimfiɗe a ƙasa. Na tambayi wani dattijo, "Baba, ina kuke samun ƙarfen?" Ya ce sifirin tsohuwar mota ne da sauran ƙarafan da ake kawowa daga birni. Sai ya nuna saman dutse da haɓa, ya ce a zamanin mahaifinsa daga can ƙarfe ke fitowa.

8/ Wannan nunin da ya yi shi ne tarihin gaba ɗaya. Sukur gari ne na ƙarfe. Kafin ƙarfen Turawa ya cika kasuwanninmu, garin yana cikin manyan wuraren narka tama a wannan yanki, kuma kasuwarsa ta ƙarfe a saman dutse take ci. Fatake ne ke hawa su same su.

9/ Ga yadda ake yi. Bayan ruwan sama ana samun wani baƙin yashi mai nauyi a ƙoramu, shi ne tamar. A tara shi, a wanke. A ƙona itace a yi gawayi. A gina doguwar tanda ta laka, a zura bututun laka daga sama zuwa cikinta, mutum ya zauna a kai yana buga zugazugi na awanni, iska na sauka cikin wutar.

10/ Abin da ya fito dunƙule ne na ƙarfe haɗe da datti. Sai a farfasa, a tsince, a kai wa maƙeri ya buge shi ya zama sanda ko fartanya. A Sukur har manoma suna narka tama idan rani ya yi, ƙira ce aikin zuri'ar maƙera, matansu kuma su ne magina tukwane. Sandunan ƙarfen nan har kuɗi ne, ana saye da su, ana biyan sadaki.

11/ Su wa ke saye? Mutanen fili, musamman ta wajen Borno, inda ƙasar yashi ce da laka, tama ta yi ƙaranci. Manomin Borno yana buƙatar fartanya, mayaƙi yana buƙatar mashi da linzami. Su kuma mutanen dutse suna buƙatar gishiri, kanwa, kifi da dabbobi. Kun ga kayan da na lissafa a sama? Cinikin tsoho ne, ƙarfen ne kawai ya fita daga ciki.

12/ Sunan garin ya yi nisa tun da daɗewa. Heinrich Barth, Bajamushen nan da ake kira Abdulkarim, ya bi ta yammacin duwatsun a 1851 kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola, kuma ya rubuta labarin da ya ji na Sukur da ƙarfin sarkinta. Wato mutanen fili sun san da zaman garin, suna kuma ganin girmansa.

13/ Yanzu ga ɓangaren da ba ya da daɗin ji. Filin da ke aiko da fatake shi ne kuma ke aiko da mahara. Daular Mandara, Borno, daga baya sarakunan Fulani na Adamawa a ƙarni na 19, duk sun ɗauki duwatsun nan a matsayin wurin kamo bayi. Doki ba ya hawa dutse da daɗi, shi ya sa tudu ya zama garkuwa.

14/ Mafi shahara a wannan babi shi ne Hamman Yaji, sarkin Madagali. Ya hau a 1902 ƙarƙashin Jamusawa, lokacin yankin yana cikin Kamarun Jamus. Abin da ya bambanta shi da saura: yana da bindigogin zamani, kuma yana sa a rubuta masa abin da ya faru kullum, da Larabci, daga 1912 zuwa 1927.

15/ A cikin littafin akwai hare-hare kan garuruwan dutse, har da Sukur, da lissafin mutanen da aka kamo da shanun da aka koro, rana da wata. Ɗaruruwan mutane ne. Ku duba shekarun da kyau fa. Wannan bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato ne a 1903. Kakannin wasu da ke zaune a kasuwar nan ne ake ƙirgawa.

16/ Turawan Ingila sun tuɓe shi a 1927. An buga fassarar littafin da Turanci a 1995, James Vaughan da Anthony Kirk-Greene suka shirya shi. Na kawo wannan ne don a san tarihi, ba don a buɗe faɗan ƙabila a ƙasan zaren nan ba. Jikokin kowane ɓangare yau kasuwa ɗaya suke ci, mudu ɗaya suke aunawa.

17/ To me ya sauko da kasuwar? Abu biyu. Na farko, da hare-hare suka tsaya, zama a sama ya daina zama dole. A ƙasa akwai filin noma mai faɗi, daga baya ga hanyar mota, makaranta da asibiti. Iyalai suka riƙa gangarowa suna kafa unguwanni a gindin dutse, wasu suka tsaya a sama.

18/ Na biyu, ƙarfen waje. Da motoci da jirgin ƙasa suka zo, tsohon ƙarfe ya yi arha. Wa zai kwashe makonni yana tara yashi da gawayi alhali ga sifirin mota a kasuwa? Zuwa wajen shekarun 1960 tandunan sun mutu. Da babu abin da zai sa bafatake ya hau dutse, sai mai dutse ya koma shi ne mai saukowa.

19/ Iyaka ma ta taɓa su. Bayan yaƙin duniya na ɗaya aka raba Kamarun Jamus tsakanin Ingila da Faransa, layin ya bi ta tsakiyar duwatsun. A ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 yankin ya zaɓi Najeriya, ya zama Lardin Sardauna. Kamwe na Michika da Kapsiki na Kamaru dangi ne, taswira ce ta raba su.

20/ Sai kuma namu zamanin. A 2014 Boko Haram ta mamaye Madagali, ta kai hari Sukur, aka ƙona gidaje, fadar Hidi ma ba ta tsira ba. Mutane da dama sun sake neman mafaka a duwatsu da kogunan da kakanninsu suka sani. A 2018 wata ƙungiyar kare kayan tarihi, World Monuments Fund, ta saka wurin cikin jerin waɗanda ke buƙatar ceto.

21/ Washegarin kasuwa mun hau sama. Ana ganin kufan tandu da kashin maƙera a warwatse, da ramukan da aka gina da dutse inda ake turke bijimi a yi ta ciyar da shi har ya yi ƙiba. Gonakin suna nan ana nomawa, kuma duk shekara sai an gyara jerin duwatsun da hannu, in ba haka ba damina ɗaya ta isa ta zubar da su.

22/ Abin da nake so mu ɗauka: yadda muke faɗin "mutanen dutse" ko "arnan dutse" da sigar raini, kamar mutanen da duniya ta wuce ta bari. Waɗannan su ne suka sayar wa masu birni da ƙarfen noma da na yaƙi. Yau cikinsu akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai masu bin gargajiya, kuma suna da sunan da suke kiran kansu. Mu kira su da shi.

23/ In Allah ya sa za ku je: ku fara tambayar halin tsaro daga mutanen yankin, ku tafi da ɗan gari, ku nemi izini kafin hawa wajen fada. Kada ku ɗauki hoton kowa sai ya yarda, mata masu tallar nan sana'a suka fito yi. Ku sayi wani abu, kuma kada ku matse tsohuwa kan naira ɗari bayan ta sauko da kaya daga kan dutse.

24/ ’Yan Madagali, Michika, Gwoza, Mubi da ’yan uwa na Kamaru, filin naku ne. Wace rana kasuwar garinku ke ci, kuma me kakanninku ke kaiwa? Ku rubuta a ƙasa da sunayen kayan a harshenku. Wanda kuma yake da dattijon da ya ga ana narka tama da idonsa, ya kunna rikodar waya ya zauna da shi tun yana raye.