Daga teku zuwa Tenere: tarihin kiran neman agaji da abin da ya shafe mu a Arlit

 Yau za mu ɗauko tarihi daga teku. Wani zai ce to mu ina ruwanmu da teku, mu da ko gulbi ba mu da shi? A yi haƙuri a bi mu sannu. Matuƙin jirgin ruwa da direban da ya bar Arlit ya nufi Asamaka matsalarsu guda ce: in abin hawa ya tsaya inda ba kowa, wa za a kira, kuma wa ke saurare? Mutanen teku sun yi kusan shekara 90 suna gyaran amsar wannan tambaya. Mu har yanzu da sauranmu.

A daren 14 zuwa 15 ga Afrilu 1912 jirgin Titanic ya yi karo da dutsen ƙanƙara a tekun Atlantika. Yana da rediyo irin ta zamanin, wadda ake buga saƙo da ƙwanƙwasar Morse, kuma masu aikinta sun yi ta aika kiran agaji. Akwai wani jirgi kusa mai suna Californian, har ma'aikatansa na hango hasken rokokin da ake harbawa sama. Sai dai mai kula da rediyonsa mutum ɗaya ne, ya gama aikinsa ya kashe na'ura ya kwanta. Wanda ya ji kiran shi ne Carpathia, mai nisan kusan kilomita 100. Kafin ya iso Titanic ya nutse. An tsamo mutum wajen 700, kusan 1500 suka halaka. Kenan na'ura ta yi aikinta, mai saurare ne babu.

Daga nan ƙasashe suka farka. A 1914 aka sa hannu a Landan kan yarjejeniyar kare rayuka a teku, wadda ake kira SOLAS, aka ɗora wa manyan jiragen fasinja sauraren rediyo dare da rana. Aka kuma zo da wata ƙa'ida mai ban sha'awa: kowace awa, a minti na 15 da na 45, kowa ya yi shiru na minti uku a kan mitar agaji, ko akwai wani mai raunin murya da ke kira daga nesa. Da aka fara magana da baki a rediyo, sai taron Washinton na 1927 ya amince da kalmar "Mayday". Waɗanda suka yi lakwal za su gane ta nan take, daga Faransanci aka samo ta, "m'aider", wato a taimake ni. Wadda ke bi mata ita ce "pan-pan", daga "panne", pan ɗin nan dai da direbobinmu ke cewa mota ta yi. Ita tana nufin akwai matsala amma rai bai kai ga halaka ba tukuna.

Duk da haka kunnen ɗan Adam yana gajiya. Mai saurare na iya gyangyaɗi, iska na iya cinye murya, wanda ke cikin firgita kuma na iya faɗin wurin da ba nan yake ba. Shi ya sa a 1988 hukumar kula da sufurin teku ta duniya ta amince da sabon tsari, SMDSM da Faransanci. An fara aiki da shi ranar 1 ga Fabrairu 1992, ya zama dole ga manyan jirage ranar 1 ga Fabrairu 1999. A cikinsa ne aka samu kiran lamba, wanda Faransawa ke ce wa ASN, masu Ingilishi kuma DSC.

Ga yadda yake aiki. Kowane jirgi ana ba shi lamba mai alƙaluma tara, MMSI, tamkar lambar tarho. Alƙaluma ukun farko na nuna ƙasa, kuma ko Nijar da ba ta da gaɓar teku an ware mata 656, Najeriya 657. A jikin rediyon akwai jan maɓalli a ƙarƙashin ɗan murfi. In hatsari ya zo, sai a ɗaga murfin a danne shi na ƴan daƙiƙu. Rediyon da kanta za ta aika lambar jirgin, da wurin da yake kamar yadda GPS ya nuna, da lokaci, da irin hatsarin in an zaɓa, gobara ce ko nutsewa ko mutum ya faɗa ruwa. Saƙon na bin tasha ta 70, wadda aka hana kowa yin magana a kanta. Duk rediyon da ke kusa sai ta ɗau ƙara, ko mai ita barci yake. Kuma kiran zai yi ta maimaita kansa kusan kowane minti huɗu har sai wani ya amsa. Bayan an amsa ne ake komawa tasha ta 16 a yi magana da baki.

Ba don hatsari kaɗai aka yi shi ba. Kana iya kiran jirgi ɗaya da lambarsa ba tare da ka dami kowa ba. Kana iya tambayar rediyon abokin tafiya inda take, ta ba ka amsa. Masunta ko masu tafiya tare kuma na iya riƙe lambar rukuni, wadda ke farawa da sifili: kira ɗaya, duk ƴan ayarin su ji, su koma tasha guda. Amma akwai sharaɗi. Rediyon da ba a sa mata lamba ba, ko ba a haɗa ta da GPS ba, in ta yi kuka masu ceto ba za su san wane ne ba balle ina yake.

To mu dawo gida. Kakanninmu ba su shiga Tenere da ka ba. Ayarin gishiri na Fashi da Bilma yana da madugu, wanda ya san taurari da rijiyoyi, kuma ba a tashi sai an san yawan raƙuma da na mutane. Wanda ya yi baya ana sane da shi. A gida ma an san kwanakin tafiya, in sun wuce hankali ya tashi. Wannan shi ne lambar rukuni ta wancan zamani. Da motoci suka shigo, ayarin Berliet na 1959 zuwa 1960 ya kafa alamun ƙarfe a Tenere don kada a ɓata hanya.

Garinmu kuwa uraniyom ne ya haife shi. An kafa SOMAIR a 1968, ta fara fitar da ma'adini a 1971. COMINAK ta biyo baya a 1974, Akokan ta tashi, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit a ƙarshen shekarun 1970. A lokacin nan kamfanoni da sojoji da jandarmomi da ofisoshin gwamnati su ke da rediyon BLU mai cin dogon zango. Talaka mai kamiyo sai dai bido da dabino da addu'a. Sai a 2001 kamfanin Thuraya na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya fara aikin tarho mai bin tauraron ɗan Adam, direbobin sahara suka rungume shi tare da GPS. Salula ta zo, amma kowa ya sani, ka ɗan yi nisa da gari rezo ya ɗauke.

Duk da waɗannan na'urori, mun ga watan Oktoba na 2013. Motoci biyu suka bar Arlit da mutum sama da 100 za su Tamanrasat, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance a jihar Damagaram. Motocin suka lalace a hanyar da ba ta kowa ba. A ƙarshen watan aka tattara gawa 92 kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Ƙishirwa ce ta kashe su. Gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku. Allah ya jiƙansu da rahama. A 2017 kuma wasu 44 suka rasu haka nan tsakanin Agadas da Dirku. Dokar nan ta 2015-36 da ta hana jigilar baƙin haure, wadda aka soke a Nuwamba 2023, ta sa direbobi da yawa kauce wa hanyoyin da aka sani da rijiyoyinsu, kuma mai ɓuya ba ya son a san inda yake, ko da ya shiga uku.

In muka ɗora labarin 1912 kusa da na 2013, abin da ya bambanta teku da sahara a yau abu uku ne. A teku kowa na da lamba a rubuce. A teku akwai wanda aikinsa ke nan, saurare, dare da rana. A teku kuma doka ta wajabta wa duk kyaftin da ya ji kira ya je ceto in yana iyawa. Mu muna da Thuraya, amma Thuraya mutum ɗaya take kira. In mai motar da ka kira tarhonsa a kashe yake, ko ya ji tsoron faɗa wa hukuma, shi ke nan, kiran ya mutu a nan. Motar da ke bayan tudu kilomita goma daga gare ka ba za ta taɓa sani ba.

Kada wani ya ce bari ya sayo rediyon jirgin ruwa ya ɗaura a Hilux. Tashoshin nan na teku ne, kuma amfani da mitar rediyo a ƙasarmu sai da izinin hukumar ARCEP. Ban da haka, rediyon VHF ba ta wuce ƴan gomman kilomita, dutse ko tudu na tare ta. Abin da ke aiki a tudu da ruwa duka shi ne ƙaramar na'urar kuka ta tsarin Cospas-Sarsat, mai aika saƙo ta tauraron ɗan Adam a kan mita 406. Faransa da Kanada da Amurka da Tarayyar Sobiyat suka kafa tsarin, kuma mutanen farko da ya ceta a Satumba 1982 ba a teku suke ba, ƙaramin jirgin sama ne ya faɗi da su a duwatsun Kanada. Maƙwabtanmu Aljeriya da Najeriya duk suna da cibiyoyin karɓar wannan kira. Ita ma sai an yi mata rajista da sunan mai ita take da cikakken amfani.

Akwai waɗanda suka fara ɗauko darasin. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara, da aka kafa a 2017, ta kwaikwayi layin agajin da aka buɗe wa masu tsallaka Bahar Rum a 2014. A Asamaka mutanenta na fita da babur mai ƙafa uku suna ɗauko waɗanda aka sauke a wurin da ake kira "point zéro", kilomita 15 daga garin, waɗanda ƙafa ta gaza. Aiki ne mai kyau, amma sahara ta fi ƙarfin ƙungiya ɗaya.

Sauran yana hannunmu, kuma ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Sandikan direbobi da shugabannin tasha su riƙe littafi: lambar mota, sunan direba, lambar Thuraya, yawan fasinja, hanyar da za a bi, da ranar da ake sa ran isa. A samu lamba ɗaya da ba a kashewa, da mutane masu karɓa-karɓa a kanta, kowane direba ya haddace ta. A yanke wa'adi: motar da ta wuce lokacinta ba labari, a tashi nemanta, kada a ce bari mu ga gobe. Masu zuwa wuraren zinariya na Cibarakaten da Jado su daina fita mota ɗaya. Karen mota ma a koya masa karanta alƙaluman GPS da aika su ta saƙo, don wata rana direban ne zai kwanta. In mota ta tsaya, a aika wurin da ake tun batir na da rai, a kuma zauna kusa da ita, don mai nema ya fi saurin ganin mota da ganin mutum. Fasinja kuma, haƙƙinka ne ka tambaya kafin ka biya: wa ya san mun tashi?

Mutanen teku sai da suka rasa rai 1500 a dare ɗaya kafin su yarda cewa saurare aiki ne da ake ɗora wa wani. Mu ma mun binne namu a hanyar Asamaka da ta Dirku, kuma yawancinmu mun san gidan da aka yi zaman makoki. Muna kira ga sandika da masu motoci da hukumomin gari su zauna kan wannan magana tun kafin zafin bazara ya shigo. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya maido su lafiya.