Daga ɗan ƙuda zuwa neman maganin ciwon daji

A nan Korahane, wani uba ya taɓa tambayata amfanin darasin da muke zana ƙuda a allo alhali gona na jiran ɗansa. Ga amsar da na so na ba shi.

A shekarar 1992, John Tamkun da abokan aikinsa a Amurka suna nazarin ɗan ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace. Sai suka lura da wani yanki na furotin wanda akwai irinsa a jikin mutum. Aka sa masa suna buromodomen, daga sunan ƙwayar gado ta ƙudan, Brahma. Lokacin ba wanda ya san aikinsa.

Sai a 1999 ɗakin binciken Ming-Ming Zhou a New York ya fitar da siffarsa. A cikin ƙwayar halitta, DNA na naɗe ne a jikin furotin histon, kamar zare a mazari. Jiki kan ɗora wa histon wata alama da ake kira asetil, tamkar yadda malami ke lanƙwasa shafin da za a karanta gobe. Buromodomen na da ɗan rami da wannan alama ke shiga daidai, ta haka yake gane shafin da za a buɗe. A jikin mutum an ƙirga irinsa 61 cikin furotin 46.

Da rami ya bayyana, sai aka shiga neman abin toshe shi. A 2010, ɗakin binciken James Bradner a Boston ya sanar da sinadarin JQ1, mai ɗauke da haruffan sunan Jun Qi da ya haɗa shi. Masana a Oxford suka daskarar da furotin BRD4 tare da sinadarin, suka haska masa eksire, suka ga JQ1 zaune a gurbin alamar. A jikin ɓeraye ya rage girman wani mugun ciwon daji da ake kira NUT. Bradner bai ɓoye shi ba: ya riƙa aika shi kyauta ga masu bincike a ƙasashe da dama.

Sai dai JQ1 bai zama maganin asibiti ba, don ba ya daɗewa a jiki. Wasu 'yan'uwansa da aka gwada a kan mutane kuma sun rage ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini. Har yau ana kan aiki.

Shekara 18 ke nan daga ƙuda zuwa JQ1, kuma wanda ya fara bai san inda hanyar za ta ɓulle ba. Mu da mai ciwon dajinmu kan yi doguwar tafiya daga Dakoro har Yamai neman magani, mun fi kowa buƙatar 'ya'yan da suka san wannan aiki. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo na nan Maraɗi, amma yaron da aka cire daga lakwal tun yana ajin firamare ba zai taka ƙofarta ba. Iyaye, a bar su su zana ƙudansu.