SAURAYIN DA YA ZO GWANDU NEMAN TSUNTSAYE

Gabatarwa

Ni mutumin Masama ne, cikin ƙasar Gwandu. Tun ina yaro nakan bi wani tsohon maharbi, ƙanen kakana, zuwa fadama, yana nuna mini tsuntsaye yana kiran sunayensu: ga zalɓe, ga kirinjijiya, ga ɗinya, ga shamuwa mai zuwa da albishirin damina. Da Allah ya yi masa rasuwa, duk wannan sani ya bi shi kushewa, don babu wanda ya rubuta. Sai da na zo jami'a na gane cewa wani baƙo ya riga mu rubuta labarin tsuntsayen ƙasar Hausa tun shekara 140 da suka wuce, kuma da wannan aiki ya fara yin suna. Tarihinsa da na irinsa nake so in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, don akwai abin lura a ciki.

Mene ne gidan tarihin halittu?

Kafin in shiga labari, ya kamata in bayyana abin da ake nufi da gidan tarihin halittu. Wuri ne da ake tara samfurin tsuntsaye da dabbobi da ƙwari da tsirrai da duwatsu domin nazari. Idan an harbo tsuntsu sai a feɗe shi, a shafa wa fatar magani don kada ƙwari su ci, a cusa auduga, sa'an nan a ɗaura masa 'yar takarda a ƙafa mai ɗauke da sunan wurin da aka same shi da ranar da sunan wanda ya samo. Ganye kuwa danne shi ake yi tsakanin takardu har ya bushe. Wannan 'yar takarda ita ce ran aikin, domin da ita ne mai bincike zai san abin da ke rayuwa a wuri kaza a shekara kaza, ko da abin ya ɓace daga baya.

Zuwan Hartert Gwandu

A shekarar 1885 wata ƙungiyar Jamusawa masu sha'awar Afirka ta turo ayari zuwa kogin Kwara da Binuwai a ƙarƙashin Eduard Flegel. Cikin ayarin akwai samari biyu, dukkansu haihuwar 1859, wato Paul Staudinger da Ernst Hartert. Mahaifin Staudinger shahararren masanin malam-buɗe-littafi ne a Jamus. Shi kuwa Hartert tsuntsaye ne abin sha'awarsa, kuma a lokacin bai riƙe wani babban muƙami ba.

Su biyun aka ɗora wa nauyin kai kyaututtukan Sarkin Jamus Wilhelm na ɗaya ga Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba da Sarkin Gwandu Maliki. Suka tashi daga Loko a bakin Binuwai, suka bi ta Keffi da Zariya da Kano, suka kai Sakkwato da Gwandu, suka juyo cikin 1886. Kada mai karatu ya ɗauka zumunci ne ya kawo su. Zamanin rububin Afirka ne, kuma a cikin 1885 ɗin Joseph Thomson ya riga su isa Sakkwato da Gwandu a madadin kamfanin Ingilishi, ya koma da takardun da ya ce yarjejeniya ce. Saboda haka ta fuskar siyasa Jamusawan ba su samu abin da suka zo nema ba.

Amma ta fuskar ilmi ba su koma hannu rabbana ba. Hartert ya buga bayanin tsuntsayen da ya gani ya kuma tara a mujallar masana tsuntsaye ta Jamus a 1886, Staudinger kuma ya fitar da littafin tafiyar a 1889 mai suna Im Herzen der Haussaländer, wato a tsakiyar ƙasashen Hausa. An fassara shi zuwa Ingilishi a 1990.

Daga Gwandu zuwa Tring da New York

Tafiyar ƙasar Hausa ta zama wa Hartert matakin farko. A 1892 wani attajiri, Walter Rothschild, ya ɗauke shi ya kula da gidan tarihin halittunsa a garin Tring na Ingila, inda ya zauna har 1930. Daga can bai manta da ƙasarmu ba. Tsakanin 1919 da 1920 Angus Buchanan ya tashi daga Kano zuwa Azbin yana tara wa gidan Tring samfuri, kuma Hartert ne ya yi nazarin tsuntsayen da ya kawo.

Haka nan gidan Tring yana cikin waɗanda suka biya kuɗin tafiyar wani saurayi ɗan shekara 23, Ernst Mayr, zuwa tsibirin New Guinea a 1928. Wannan yaro shi ne ya zama ɗaya daga cikin manyan masana ilmin halittu na ƙarni na 20. A 1932 kuwa aka sayar da fatun tsuntsayen Rothschild kusan 280,000 ga gidan tarihin halittu na New York a Amurka, inda Mayr ya riga ya samu aiki. Wannan gida yana da asusu mai ɗauke da sunan Frank Chapman, wanda ya rasu a 1945, kuma daga cikinsa ake bai wa matasan da suka gama digirin dakta gurbin zama su yi bincike kan tsuntsaye ana biyan su.

Ashe ke nan abin da a da ya dogara ga sa'a da alherin attajiri, yanzu ya zama tsari: a kama hannun mai bincike tun yana ɗanye, a ba shi abinci da wurin zama da kayan aiki, a bar shi ya yi nazari shekara ɗaya ko biyu.

Ina sunayen namu?

Ga inda abin yake sosa mini rai. Baƙo ba ya sanin inda fakara ke kwana sai ɗan gari ya nuna masa. Maharba da masu tarko da 'yan dako da tafintoci su suka riƙe waɗannan tafiye-tafiye, amma da wuya ka ga sunansu a kan 'yar takardar nan ta ƙafar tsuntsu.

Dubi misalin likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa tun farkon mulkin Turawa, ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Aiki ne mai amfani ƙwarai, amma daga bakin manoma da makiyaya da masu magani ya kwaso shi. Yau itacen da iyayenmu ke kira hano ko ararraɓi, a littattafan kimiyya sunansa Boswellia dalzielii. Gaskiya ɗaya ce, wani lokaci Hausa ma takan samu shiga, don iburu da muka sani sunansa na kimiyya Digitaria iburua, daga kalmarmu aka ɗauko shi. Kuma kada mu ce rubutu ne ba mu da shi a Gwandu. A nan ne Barth ya samu kwafin Tarikh al-Sudan a 1853, zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi. Muna da alƙalami, sai dai ba mu cika juya shi wajen tsuntsu da ganye ba.

Halin da muke ciki

Nijeriya ba ta zauna haka nan ba. Akwai ma'ajiyar tsirrai ta hukumar gandun daji a Ibadan tun 1942, akwai gidan tarihin halittu a jami'ar Ile-Ife, sa'an nan akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a dajin Amurum kusa da Jos, wadda tun farkon shekarun 2000 take horar da matasan Afirka ta Yamma a digiri na biyu tare da Jami'ar Jos. A duwatsun Jos ɗin ne ma aka bayyana wani ƙaramin jan tsuntsu da kimiyya ba ta san shi ba sai a 1998. Idan haka ta faru a can, wa zai rantse cewa fadamun Kabi ba su da nasu?

Mu ma yanzu muna da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, mazauninta yana ƙasar Kalgo, ga ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato tun 1975. Lokaci kuwa ba ya jira. Ungulu da muka tashi muna gani a kowace mahauta, tun 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Gauraka kuma yara da yawa sai dai su ji sunanta a tatsuniya.

Kammalawa

Shawarata uku ce. Ta farko, jami'o'inmu su keɓe ɗaki ɗaya na tara tsirrai da ƙwari da hotunan tsuntsayen yankinsu. Ta biyu, attajiranmu su ɗauki nauyin ko matashi ɗaya a shekara ya yi wannan bincike, ya kuma je Tring ko New York ya ga abin da aka kwasa daga Afirka. Ta uku tamu ce, mu ɗaliban Hausa: in mun je hutu mu zauna da tsofaffin maharba da masunta, mu rubuta sunan kowace halitta da inda take zama da lokacin zuwanta, mu rubuta sunan wanda ya faɗa mana. Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami da yunwa. Ni dai na yi sakaci da nawa tsohon, ina roƙon kada wani ya yi da nasa. Allah ya sa mu dace, amin.