Rubu'in Sa'a: Tarihin Mudun da Ake Auna Gumin Ma'aikaci

Agogo ba ya ƙarya, amma mai lissafi da shi yana iya tauye mudu. Fiye da shekara ɗari ke nan masana'antu da ofisoshi, musamman a Amurka, suna bin wata al'ada wajen biyan lada: maimakon su ƙirga kowane minti da ma'aikaci ya yi, sai su dunƙule lokacin zuwa kwata mafi kusa. Wanda ya iso ƙarfe takwas da minti bakwai, a rubuta masa takwas daidai. Wanda ya iso da minti takwas, a rubuta masa takwas da kwata. Abin kamar ba komai ba ne, amma sai da ya kai ma'aikata da iyayen gidansu gaban kotun ƙoli.

Tun farkon zamanin masana'antu a Ingila, agogo a hannun mai masana'anta yake. Masanin tarihi E. P. Thompson, a maƙalarsa ta 1967 kan lokaci da horon aiki, ya kawo shaidar ma'aikatan da suka koka cewa ana tura agogon masana'anta gaba da safe, a ja shi baya da yamma, kuma ba a son leburori su mallaki nasu. Don haka lokacin da wani mai sana'ar kayan ado, Willard Bundy, ya ƙera agogon buga lokacin aiki a garin Auburn na jihar Niyok a 1888, an ga kamar an sami alƙalin da ba ya son kai. A 1894 Daniel Cooper ya sami rajistar irin wanda ke buga lokaci a kan kati. Kasuwar waɗannan agogunan ta bunƙasa, har kamfanin da ya gaje ta ya shiga haɗakar 1911 wadda ta koma IBM a 1924.

To, amma na'urar lokaci kawai take bugawa, ba ta lissafin kuɗi. Wannan aikin akawu ne, da alƙalami da takarda, ga katin mutum ɗari ko dubu a gabansa kowane mako. Sa'a minti sittin ce, kuɗi kuwa ɗari-ɗari ake ƙirga su, shi ya sa mai da minti 37 zuwa lada yake cin lokaci. Kwata kuwa kashi ɗaya ce cikin huɗu, raba ladan sa'a gida huɗu ba ya wahalar da kowa. Dunƙulewa dai sauƙi aka nema wa akawu. Matsalar ita ce, ba a ce ga ɓangaren da mudun zai karkata ba.

Dokar ƙwadago ta 1938 ta Amurka ta ƙara wa minti daraja. Ta tsayar da mafi ƙarancin lada a kan santi 25 a sa'a, ta wajabta ajiye bayanan lokutan aiki, ta kuma sa a biya lada ɗaya da rabi a kan aikin da ya wuce ƙa'ida, wadda ta sauko zuwa sa'a 40 a mako a 1940. Ba a jima ba aka gwada ta a wata masana'antar tangaran da ke Mount Clemens a jihar Mishigan, mai ma'aikata kusan 1,200. A can, ana fara ƙirga wa mutum lokaci daga kwatar da ta biyo bayan shigarsa, a tsaya a kwatar da ta gabaci fitarsa. Hukuncin kotun ƙoli na 1946, wanda Mai Shari'a Frank Murphy ya rubuta, ya kawo misali: ma'aikaci ya buga shiga 6:46, ya fita cin abinci 12:14, ya dawo 12:46, ya tashi 4:14. Sa'a takwas ake rubuta masa, alhali agogo ya nuna ƙarin minti 56. Sau huɗu ana dunƙulewa, sau huɗun kuma kamfani ne ke cin riba.

Kotun ta ce tafiya daga agogo zuwa bakin aiki da shirye-shiryen fara shi aiki ne da ya cancanci lada, amma ta ƙara da cewa 'yan daƙiƙu ko mintocin da ba su taka kara sun karya ba ana iya kau da kai daga gare su. Da wannan ƙofa alƙalin ƙaramar kotu ya kori ƙarar a 1947, a shekarar kuma majalisar dokoki ta cire irin wannan tafiya daga abin da dole a biya. Sai a 1961 ma'aikatar ƙwadago ta shimfiɗa ƙa'idar da ake bi har yau: an yarda a dunƙule zuwa minti biyar, ko shida, ko kwata, da sharaɗin cewa in an daɗe ana yi, ma'aikaci ba zai tashi da asara ba. Daga nan aka sami iyakar minti bakwai: bakwai a zubar, takwas a cika.

A ofisoshin lauyoyi kuwa, mudun ya juya. A nan mai aikin ne ke riƙe da agogo, kuma sama ake cikawa. Kiran waya na minti uku sai ya zama kwata a takardar caji, huɗu irinsa su zama sa'a guda, alhali aikin minti 12 ne. A 2007 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta amince da zaftare kashi 20 cikin ɗari na kuɗin lauya a shari'ar Welch da kamfanin inshora na Metropolitan Life, saboda caji da kwata-kwata. Shi ya sa lauyoyi da yawa suke auna aikinsu da minti shida-shida.

Zuwan kwamfuta ya kashe hujjar farko, domin minti 37 ba ya ba ta wahala. Kotunan Kalifoniya ne suka fi lura da haka. A 2012 sun halatta dunƙulewar da ba ta karkata ba a shari'ar See's Candy. A 2018, a shari'ar Troester da Starbucks, kotun ƙolin jihar ta ƙi yarda a yi watsi da mintocin rufe shago, waɗanda suka tara wa ma'aikacin sa'a 12 da minti 50 cikin wata 17, kimanin dala 102. Da yayyafi kogi kan cika. A 2021 ta hana dunƙule lokacin hutun cin abinci, sannan a 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta ce wa Home Depot, tunda ya san ainihin mintocin da ma'aikaci ya yi, to ya biya su duka.

Abin da wannan tarihi ke nunawa shi ne, kwata ba ta taɓa zama ma'aunin adalci don kanta ba. Uzuri ce da gazawar alƙalami ta haifar. Ko da lissafi ya daidaita a kan ma'aikata dubu, ribar da Audu ya ci ba ta biyan asarar da Tanko ya yi, domin kowa da tukunyarsa. Akawun da aka nema wa sauƙi ya daɗe da ajiye alƙalaminsa. Duk wanda ke dunƙule lokacin wani a yau, shi ya kamata a tambaya dalili, ba ma'aikacin da ya nemi mintocinsa ba.