Asalin Injin Gas da Yadda Aka Ƙara Masa Ƙarfi

Wani Bajamushe, Rudolf Diesel, shi ya ƙago injin gas. Cikin 1897, a birnin Augsburg, ya gama na farko da ya yi aiki sosai. Hikimarsa ita ce a matse iska har ta yi zafi, sa'an nan a fesa mai, ya kama da kansa, ba sai da fulogi ba.

Daga nan masana suka shiga neman ƙarin ƙarfi. Cikin 1905 Alfred Büchi, mutumin Suwizalan, ya fito da dabarar sa hayaƙin inji ya juya farfela mai tura iska ciki. Cikin 1927 kamfanin Bosch ya soma ƙera famfo mai auna mai daidai. A sababbin motoci kuwa kwamfuta ke awon, ita akan sake wa lissafi.

Wannan ilmi ya shafi masu jigilar albasa daga Aliero da Jega zuwa Kudu. Direba yakan sa makaniki ya buɗe famfo domin mota ta ja lodi. Amma in mai ya rinjayi iska, sai baƙin hayaƙi, inji ya ɗau zafi, fistin ya ƙone, albasa ta ruɓe a hanya. Garin neman ƙiba ke nan aka samo rama.