Masu Sa Ido na Ƙasashen Waje da Zaɓen Miƙa Mulki: Nazarin Zaɓen Shugaban Ƙasa na Nijeriya a 1999

Tsakure

Maƙalar ta duba rawar da masu sa ido na ƙasashen waje suka taka a zaɓen 27 ga Fabrairu, 1999, wanda ya kawo ƙarshen sama da shekara 15 na mulkin soja a Nijeriya. Hujjarta ita ce tsoron rushewar shirin miƙa mulki ya rage nauyin abin da suka gani a rumfunan zaɓe.

Yanayin da aka yi zaɓen

Bayan rasuwar Janar Sani Abacha a Yunin 1998, Janar Abdulsalami Abubakar, wanda ya gaje shi, ya kafa hukumar zaɓe ta INEC ƙarƙashin Mai Shari'a Ephraim Akpata. Cikin wata uku aka kammala zaɓuka huɗu, tun daga na ƙananan hukumomi a Disamba. Gaggawa ce mai yawa, amma soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993 bai bar zukatan mutane ba, kuma ba wanda yake son ba soja dalilin ƙara zama.

Abin da aka gani da abin da aka bayyana

Cibiyar Carter da cibiyar NDI ta Amurka sun turo tawagar haɗin gwiwa. Jimmy Carter ne ya jagorance ta, tare da Colin Powell da tsohon shugaban Nijar Mahamane Ousmane, wanda shi kansa soja suka kifar a 1996. INEC ta ba Olusegun Obasanjo na PDP kusan kashi 63 cikin ɗari, Olu Falae kuma kusan 37.

Carter ya rubuta wa Akpata cewa yawan mutanen da aka gani a rumfuna bai yi daidai da alƙaluman da wasu jihohi suka bayar ba, don haka tawagarsa ba za ta iya yanke sahihin hukunci a kan sakamakon ba. Magana ce mai nauyi, sai dai ta tsaya a tsakiya: ba ta wanke zaɓen ba, ba ta kuma nemi a sake shi ba. Falae ya je Kotun Ɗaukaka Ƙara bai yi nasara ba, aka rantsar da Obasanjo ranar 29 ga Mayu.

Tattaunawa

Matsala ta farko ta tsarin aiki ce. Baƙo yana ganin layi da akwati, amma aringizon ƙuri'u yakan faru ne a wurin tattara sakamako, da dare, inda idonsa bai cika kaiwa ba. Gamayyar TMG ta cikin gida, mai dubban 'yan sa ido, ta fi samun damar isa wurin.

Ta biyu ta siyasa ce. Judith Kelley, a bincikenta na 2012, ta nuna cewa masu sa ido sukan sassauta wa zaɓukan sauyin mulki. A ganin mai wannan nazari, sassaucin 1999 yana da uzuri, amma 'yan siyasa sun fahimci cewa maguɗi ba ya hana duniya karɓar gwamnati. A 2007 tawagar Tarayyar Turai ta fito fili ta ce zaɓen wannan shekarar ya gaza ƙa'idojin ƙasa da ƙasa, shugaban da ya ci, Umaru Musa 'Yar'aduwa, shi ma ya amince akwai kurakurai, ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Uwais don gyaran tsarin zaɓe.