Yadda siminti ya jiƙa fadar Craigievar

A shekarar 1626 aka kammala fadar Craigievar a yammacin birnin Abadin na ƙasar Sikotland, dogon gini na dutse a yankin da ruwan sama ba ya ɗauke ƙafa. Maginan wancan zamani ba sa barin dutse tsirara. Sai su ƙona farin dutse, su jiƙa shi ya zama farar ƙasa, su kwaɓa da yashi da ƙananan tsakuwa, sannan su riƙa watsa kwaɓin a bango da cokalin gini. Irin wannan yaɓe yana shan ruwa, amma da zarar iska ta kaɗa sai ya bushe.

Sai ga siminti, wanda Joseph Aspdin na birnin Leeds ya yi wa rajista a 1824. Ga saurin kamawa, ga ƙarfi, wa zai tsaya jiran farar ƙasa?

A shekarun 1970 aka yi wa Craigievar sabon yaɓe mai siminti. Abin da ba a lura da shi ba, siminti kan tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya kuma rasa hanyar fita. Danshi ya taru cikin bango, ya fara barazana ga katakai da adon silin ɗin ɗakunan. Gyara ya zama ɓarna ke nan.

Daga 2007 zuwa 2009 hukumar National Trust for Scotland, mai kula da fadar, ta rufe ta, aka kankare simintin kaf, aka mayar da yaɓen farar ƙasa mai launin ruwan hoda. An sake buɗe ta ga masu ziyara a 2010.